Jan Kwanon da Aka Ba Memuna

Ranar wata Juma'a ce, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, lallen da aka ƙunsa mana bai ma fara koɗewa ba. Ina da shekara goma sha ɗaya a lissafin Mma, mahaifiyarmu, ƙanwata Memuna tana da tara. Ina durƙushe a tsakar gidanmu na unguwar Kaladan ina kankare tukunyar koko da toka, sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, abin da ba a saba ji ba sai in haihuwa ta zo da gardama. Baba ya shigo riƙe da hannun Kaka, mahaifiyarsa, Memuna tana biye da su da buta a hannu ɗaya, ƙullin magani a ɗayan, tana wani taku kamar ita ce likitar. Daga asibiti suke. Ni an tura ni talla tun da sassafe, ita aka saka a mota. Ban taɓa shiga mota ba a lokacin, kuma ku riƙe wannan, don daga nan abin ya fara ci mini rai.

Baba ya tara mutanen gida a gindin darbejiya, ya ce Iya, haka yake kiran Kaka, tana da ciwon suga. Ya ce daga yau ba suga, ba zuma, ba alewa, tuwonta kuma ba zai wuce dunƙulen hannunta ba. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan jan kwano sabo fil mai murfi, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Abincinta daban, tukunyarta daban. Iya, zaɓi wadda za ta riƙe miki kwano." Wallahi kafin ya rufe baki na goge hannuna a zane na miƙe. Ni ce babba. Ni aka sa wa sunan Kaka, shi ya sa ba mai kiran sunana na yanka a gidan, Uwani ake ce mini, ita kuwa Kaka "takwara" take kirana. Ta ɗaga ido ta dube ni, ta yi mini murmushi har na ga wushiryarta, sannan ta juya ta ce, "Memuna."

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba, don kowa da farantinsa yake ci a gaban talabijin. A gidanmu, yarinyar da ta riƙe kwanon babba ita ke cin suɗi, wato abin da babban ya rage da gangan a gindin kwano. Ita ke zama a bakin tabarmarsa, ita ke jin hirar da ba a yi da yara, ita ake sa wa albarka da hannu a ka sau uku a yini. Duk inda babban zai je, suna ko gaisuwa, ita ce a bayansa da lafiyayyen zane. Muƙami ne, ko da ba a naɗa rawani. Tun ina 'yar ƙarama nake jiran ranar da 'yar'uwar Baba da ke riƙe wa Kaka kwano za ta yi aure in gaje ta, ta yi auren kuma, sai ga ciwo ya zo ya ɗauki rabona ya miƙa wa yarinyar da ko wuta ba ta iya hurawa sai ta yi hawaye.

Ciwon kuwa ya daɗe yana zagaya Kaka ba mu sani ba. Ta riƙa shan ruwa kamar mai noma a rana, randar ƙofar ɗakinta da nake cikawa da safe kafin azahar ta kai rabi. Tana ci sosai amma zanenta kullum sai ta ƙara masa ɗauri. Idonta ya fara hazo, zare ya daina shiga mata allura. Mma ce ta fara lura da kiyashi sun yi layi zuwa bayan ɗaki inda Kaka take kama ruwa, ta kira Baba gefe ta nuna masa. Sauran labarin daga bakin Memuna muka ji shi, kuma ta ba da shi ya fi sau ashirin, kullum ina wurin. Wai likita ya zuba fitsarin a wata 'yar siririyar kwalba, ya haɗa da wani ruwa shuɗi, ya kara a wuta, ruwan ya rikiɗe ya koma ja kamar ƙasar hanyar Dungu. Duk sanda ta zo wurin rikiɗewar sai ta buɗe ido, yara su ce "kai!", ni kuwa in ce ai ko ruwan bagaruwa yana canja launi, ba wani abu ba ne.

Tukunyar Kaka 'yar mitsitsiya ce, amma abin da ke shiga cikinta ya fi na babbar tukunya daraja. Mma ta koya wa Memuna: tuwon dawa dunƙule ɗaya, miya kuwa ta cika kwano, yau ayoyo, wato lalo, gobe kuka, jibi alayyahu, da daddawa da busasshen kifi, mai ɗan kaɗan. Wake kusan kullum, wata rana tubani. Ƙwai sau biyu a mako, a gidan da mu yara ba a ba mu ƙwai ko da Sallah. Koko da safe rabin ludayi uku, ba ko ƙwayar suga. Bayan la'asar Memuna ta kama hannun Kaka su taka har bakin rafi su dawo, don likita ya ce zama wuri ɗaya abokin ciwon ne. Da sun dawo ta wanke mata ƙafa, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta tsane su, ta shafa mata man kaɗe a diddige. Kaka tana mita, tana cewa an mai da ita akuya, ganye safe ganye yamma. In ta ce a ƙara mata tuwo, Memuna ba ta gardama, ba ta ba da haƙuri, ba ta ko ɗaga kai. Kalma biyu ce da ita: "An hana." Sai ta rufe kwano. Amma kullum sai Kaka ta rage mata gefen ƙwai da kan kifi, ni kuwa ina leƙe ta bayan turmi ina haɗiyar yawu.

Ni aikina talla. Mma koko da ƙosai take yi, ita ce ta fi kowa a layinmu, ni nake ɗaukar tukunyar zuwa bakin shingen makarantar boko kafin a buga ƙararrawa. Ba a sa ni boko ba, allo kaɗai na yi, amma na san duk wani abu da ke faruwa a filin nan: wanda aka zane don latti, wadda ta fi iya ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, waƙar da suke yi in za su shiga aji. In an fito tara sai su yanyame ni da kofunansu, ina zuba koko ina jefa musu suga mai ƙwaya daga wani gwangwani da Mma ta damƙa mini. Ba wanda yake taɓa gwangwanin nan sai ni. Da damina ta faɗi kuma mukan bi mata zuwa dajin Dungu tsintar kaɗanya, lokacin Dungu ƙauye ne, ba waɗannan gidajen bulo. Mu fita raɓa tana jiƙa mana ƙafa, mu cika kwando, mu sha 'ya'yan har haƙora su yi mana kore. Duk wannan daɗi ne, ban musa ba. Amma in na dawo da kwando a ka, wuyana yana ciwo, na tarar da Memuna a inuwa a bakin tabarmar Kaka ana yi mata labari, sai daɗin ya zube tun a zaure.

Wata safiya na zo wucewa da gwangwanina ta ƙofar Kaka, Memuna ta je ɗauraye ludayi. Kaka tana riƙe da kokonta tana kallonsa kamar an ba ta magani. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Takwara, kokon nan ruwan wanki ne." Ba ta roƙe ni ba, Allah ya ji ƙanta, ba zan yi mata ƙarya ba. Ni ce na duba hagu na duba dama, na buɗe gwangwani na jefa mata ƙwaya ɗaya. Ta juya da yatsa, ta kurɓa, ta rufe ido. Da ta buɗe, irin kallon da ta yi mini shi ne abin da na yi wata biyu ina nema. Ta dafa kaina ta ce, "Jinina ke nan."

Daga ƙwaya ɗaya aka koma biyu, aka koma uku. Na riƙa ƙulle su a bakin zanena. Na ƙara da alewar gyaɗa, na ƙara da dabino. Akwai wata tsohuwa Badagomba a hanyar Dungu mai sayar da zuma a kwalba, in na gaishe ta da "Dasiba", ina kwana a yarensu, na durƙusa har ƙasa takan lakato mini a ganye, ni kuwa ba na sha, sai in naɗe in kawo gida. Kaka ta fara kirana in yi mata susar baya, in tsefe mata kai, kuma sai an aiki Memuna. Ta ba ni labarin yadda mahaifinta ya taso daga ƙasar Hausa da jakuna da kanwa, ya zo nan ƙasar Dagomba neman goro ya zauna, labarin da ko Memuna ba ta ji ba. Ni kuwa sai in fito ina rausaya, in wuce ƙanwata tana tsinke ganyen ayoyo, in ce mata, "Ki yi ta dafa ciyawa." A raina na ce ita tana da kwano, ni ina da Kaka. Ban ɗauki abin da nake yi a bakin cuta ba. Na ga tsohuwa tana murna, na ga ni ce dalili, shi ke nan.

Kafin a yanke gero randar ƙofar Kaka ta koma ƙarewa da azahar. Memuna ta lura, ta rage gishiri, ta ƙara ganye, tana auna tuwon da hannunta sau biyu. Rannan da yamma tana wanke mata ƙafa ta ga ƙaya ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsa, Kaka ta taka ta tun safe ba takalmi kuma ba ta ji komai ba. Aka cire, aka wanke, aka ɗaure. Ciwon da yaro zai warke a kwana uku ya yi mako biyu yana ruwa, wurin ya yi baƙi, ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta bai iya rufewa ba. Aka sake kiran mota. Wannan karon ba wanda ya yi taku. Ruwan kwalba ya sake yin ja, likita ya ce da Baba lallai akwai abin da ke shiga bakin tsohuwar nan wanda ba ya cikin lissafi. Aka kwantar da ita mako uku, aka yanke mata yatsu biyu.

Baba mutum ne mai sanyi, amma ranar da ya dawo daga asibitin muryarsa har waje. Ya tsayar da Memuna a gindin darbejiyar nan, ya ce, "Me kike zuba mata? Amana na ba ki ko wasa?" Ta ce ba ta zuba komai ba. Ya ce to aljani ne ya zuba? Ya karɓe jan kwanon daga hannunta ya miƙo mini, ya ce dama babba ya kamata a ba. Washegari Memuna ce ta ɗauki tukunyar koko zuwa bakin makaranta, tukunyar ta fi ƙarfinta, koko yana zubo mata a wuya. Na sami abin da nake so. Na rungume kwanon nan na kai shi ɗaki, na goge shi har sau uku, kuma in gaya muku gaskiya, a ranar farko murna na yi.

Ranar wanki ce ta ɓata mini murnar. Memuna ta kwaso zannuwanmu ta zube a bakin rijiya, sai na ga ta tsaya da nawa a hannu. Bakin zanen, daidai inda nake ƙulli, ya yi baƙi ƙirin da kiyashi. Ta dube su, ta ɗago ta dube ni. Na jira ta ƙwala wa Mma kira. Ba ta kira ba. Ta karkaɗe kiyashin, ta tsoma zanen a ruwa, ta cuɗe wurin da sabulu har ya fita, ta shanya. Ko a nan sai da na ji haushinta, don na ga har a shiru ta fi ni.

Da aka sallamo Kaka, ni na dafa mata tukunyar farko. Na auna tuwo, na cika miya, na kai mata. Ƙafarta tana naɗe da farin ƙyalle a kan matashi. Ta ci loma biyu, ta leƙa ƙofa, ta ce a hankali, "Takwara, ba 'yar tsaraba?" Na ce babu. Ta ce ƙwaya ɗaya tak, bakinta ɗaci yake tun asibiti. Na ce an hana, amma ni da na faɗa sai kuka ya ƙwace mini, na kama ba ta haƙuri, ina cewa ta yafe mini, gobe ma a gani. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya fuska ga bango ta ce, "Je ki kira mini Memuna. In dai hana ni za a yi, gara wadda ta iya." Na fita da kwanon, ban nufi wurin Memuna ba, zaure na nufa inda Baba yake. Na durƙusa na faɗa masa komai, da sugan, da zumar, da alewar. Na so ya dake ni, bai dake ni ba. Ya ce in ɗauki kwanon in kai wa mai shi da hannuna a gaban kowa, in kuma karɓi tukunyar tallata. Haka na yi. Memuna ta karɓa ta ce, "Kin bar miya ta kama a gindi." Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan maganar ke nan, har yau.

Kaka ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya a hannun Memuna. Ta ga aurena, ta goya ɗana na fari a zaune. Amma ba ta ƙara taka bakin rafi ba sai da sanda, kuma duk sanda na ji ƙwas ƙwas ɗin sandar nan a tsakar gida na san da hannuna a ciki.

To, yau shekara shida ke nan da ciwon ya zo kaina. Na tambayi likita ko alhaki ne, ya yi dariya ya ce a'a Hajiya, abin yakan bi jini, kuma ba ni na sa wa Kaka nata ba, wuta dai na ƙara masa. Yanzu ba kwalba ba ruwa shuɗi, wata 'yar na'ura ce ake tsira mini a yatsa ta faɗi lamba. Ina shan ƙwayata a kan lokaci, ina taka ƙafa bayan la'asar duk da babura sun cinye hanya, ba na fita ko bakin famfo ba takalmi, kuma ba na ɗaukar azumi sai na je an duba ni. Ba ni da yatsa ko ɗaya da ya ɓata, ku zo ku ƙirga. Abin mamaki, ma'aikaciyar jinya da kanta ta ce in riƙa yawo da suga ƙwaya uku, don ranar da sugan jikina ya faɗi, in na ji rawar jiki da gumi mai sanyi, in jefa a baki. A bakin zane nake ƙulle su, wuri ɗaya da na da. Memuna kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwon ya tsallake ta. Duk Juma'a sai ta hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, daga unguwar Lamashegu ta zo gaishe ni, ta zauna a gabana ta jefa ƙwaya uku a shayi tana juyawa a hankali, cokali yana ƙara. In na harare ta ta ce, "Yaya, an hana." Ga ni tsohuwa da jikoki, amma har yanzu in na ga kofin nan sai na ji abin da na ji a bayan turmi.

Jan kwanon yana wurinta duk shekarun nan. Da ciwona ya tabbata ta kawo mini shi a leda, bakinsa duk ya ɓantale, ta ajiye a gabana. Ɗana ya ce in zaɓi wadda za ta kula da tukunyata cikin 'ya'yansa biyu, duka manyan mata ne. Azara malamar makaranta ce a Dungu, ita na fi so a raina, ita take shigo mini da biskit a jaka tana cewa, "Kaka, ɗan kaɗan ba ya komai." Rahina tela ce, fuskarta kamar ƙofar da aka kulle. Na dubi Azara na yi mata murmushi, na ce Rahina. Sai da sunan ya fita bakina na gane murmushin da aka yi mini a gindin darbejiya, bayan shekara sittin da wani abu.

Azara ta yi mako biyu ba ta tako gidan nan ba. Na aika aka kira ta, na ce ta zo da takarda da alƙalami, ni ban iya rubutu ba amma ina da abin faɗa. Ita ce take rubuta wannan, ta kuma tsaya sau biyu tana share ido tana cewa biro ne ya ƙi. Darbejiyar an sare ta an yi shago, rafin ya zama kwata, suɗi kuwa ba yaron da zai karɓa yanzu. Da za a mayar da ni safiyar nan, in wuce ƙofar Kaka da gwangwanina a rufe, da na yarda Memuna ta riƙe kwanon har abada, ko da zan yi ta jin haushinta, don dama ina ji. Wanda ya fi son ka daban, wanda zai iya riƙe maka kwano daban.